Hukuncin Kisa da Haƙƙin Waɗanda Aka Kashe wa Ɗan'uwa: Tambayoyi da Amsoshi

Tun ranar da majalisar dokokin Ghana ta cire hukuncin kisa daga dokar manyan laifuffuka, maganar ba ta kwanta ba a zangunan Accra. Ana yin ta a zaman makoki a Nima da Mamobi, ana yin ta a bakin masallaci bayan la'asar a Madina da Fadama, kuma duk inda ta zagaya sai ta dawo kan abu guda: wanda aka kashe wa ɗa ko miji, ina matsayinsa a cikin wannan lissafi? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji a bakin mutane. Ina cikin masu ganin cewa barin hukuncin kisa ya fi alheri a ƙasar nan, kuma na faɗi haka tun da fari domin mai karatu ya san inda na tsaya, ya auna maganata da hakan.

Da gaske ne an soke hukuncin kisa a Ghana?

An soke shi a kan yawancin laifuffuka, amma ba a tumɓuke shi har saiwa ba. A ranar 25 ga Yulin 2023 majalisa ta amince da ƙudurin da ɗan majalisa mai wakiltar Madina, Francis-Xavier Sosu, ya gabatar, wanda ya gyara dokar manyan laifuffuka ta 1960, ya sa ɗaurin rai-da-rai a gurbin kisa a kan laifuffuka irin su kisan kai da kisan ƙare-dangi da fashin teku. Shugaba Nana Akufo-Addo ya sa wa gyaran hannu a watan Agusta na shekarar. A lokacin akwai maza 170 da mata 6 da ke zaman jiran igiya, akasarinsu a gidan yarin Nsawam.

Cikin abin da ya rage akwai cin amanar ƙasa. Sashe na 3 na tsarin mulkin 1992 ya ce wanda ya nemi kifar da tsarin mulki da ƙarfi hukuncinsa kisa ne, kuma wannan sashe yana cikin waɗanda majalisa ba ta da ikon taɓawa ita kaɗai, sai an yi ƙuri'ar raba-gardama. Shi ya sa a watan Janairun 2024 aka ga abin da ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Cikin mako guda, babbar kotu a Accra ta yanke wa mutum 6 hukuncin rataya saboda shirya juyin mulkin da bai kai ga aukuwa ba, sannan wata babbar kotun ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai-da-rai saboda kashe Manjo Maxwell Mahama, hafsan sojan da gungun mutane suka yi wa rubdugu a Denkyira-Obuasi a watan Mayun 2017. Inda jini ya zuba an ba da ɗauri, inda bai zuba ba an ba da igiya. Duk wanda ya ce dokar ba ta gama daidaita ba, gaskiyarsa ce.

To kafin 2023, ana kashe waɗanda aka yanke wa hukuncin?

Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Ghana tun 1993. Shekara talatin cur alƙalai suna furta shi, domin doka ba ta ba su zaɓi ba: da zarar an sami mutum da laifin kisan kai, babu wani hukunci sai kisa, ko da akwai dalilin sassauci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan tilas a 2011 a shari'ar Dexter Johnson, sannan a 2014 kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tilas ɗin ya saɓa wa yarjejeniyar da Ghana ta sa wa hannu. Hukumar da ta sake duba tsarin mulki ta ba da shawarar soke hukuncin tun 2011, gwamnati kuma ta karɓi shawarar a 2012, amma aka yi shekara goma sha ɗaya ana jan ƙafa.

Wannan tarihi ya shafi iyalan mamaci kai tsaye. Uwar da aka gaya wa a kotu cewa za a rataye wanda ya kashe ɗanta takan koma gida tana ganin magana ta ƙare, alhali kowa a cikin kotun, daga alƙali har ɗan sandan da ke bakin ƙofa, ya san babu shugaban da zai sa hannu a takardar zartarwa. Gyaran 2023 bai ƙwace wa irin wannan uwa wani abu da ke hannunta ba. An dai daina yi mata alkawarin da ba a cikawa.

Iyalan wanda aka kashe suna da ta cewa a kan hukuncin da kotu za ta yanke?

A dokar Ghana ba su da ita, kuma a nan ne mutanenmu suka fi shan mamaki. Ƙarar kisan kai ta Jamhuriya ce, kuma sashe na 88 na tsarin mulki ya ɗora gurfanar da masu laifi a wuyan Antoni Janar. Dangin mamaci shaidu ne idan sun ga wani abu, masu sauraro ne idan ba su gani ba. Mutum bakwai da ake zaɓowa daga cikin jama'a, waɗanda ake kira juri, su ke cewa an yi laifin ko ba a yi ba, alƙali kuma ya furta abin da doka ta tanada.

Na taɓa zama a wani gidan makoki a Nima, ran sadakar bakwai ta wani matashi da aka soka da wuƙa a kan rigimar da ba ta taka kara ta karya ba. Dattawan ɓangarorin biyu suka zauna a tabarma ɗaya, aka kawo goro, limamin unguwa ya yi nasiha. Mahaifin yaron ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, na yafe don Allah, jinin ɗan wani ba zai dawo mini da nawa ba." Aka yi kabbara, aka shafa fatiha. Washegari dattawa uku suka sa manyan riguna suka nufi ofishin 'yan sanda domin janye ƙara. Jami'in ya miƙe ya ba su kujeru, ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, ƙarar nan ba taku ba ce da za ku janye, takardun ma sun riga sun wuce hannuna." Suka dawo ransu a ɓace, suna ganin an raina furfurarsu, alhali mutumin gaskiya ya gaya musu.

Doka ta buɗe ƙofar sulhu, amma a ƙananan laifuffuka kawai. Sashe na 73 na dokar kotuna ta 1993 ya ba alƙali damar ƙarfafa sasantawa a laifin da bai kai matsayin babban laifi ba, kamar faɗan da aka ji ƙaramin rauni. Dokar 2022 da ta kawo yarjejeniyar amsa laifi don samun sassauci ta ce a sanar da wanda aka cuta, a ji ta bakinsa kafin a ƙulla, sai dai ta cire kisan kai da fyaɗe da fashi da sace mutane daga abin da za a yi ciniki a kai. Wajibi ne kuma a yi hattara, domin karɓar kuɗi da sharaɗin rufe laifi ko hana shaida zuwa kotu laifi ne mai zaman kansa.

Ai Musulunci ya ba magadan mamaci wannan haƙƙi. Soke hukuncin kisa bai ci karo da shari'a ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi a zango, kuma ba ta amsuwa da baki ɗaya. Fatawa aikin malamai ce; abin da zan iya nunawa shi ne abin da ke cikin karatun da aka yi mana a zaure.

Ƙisasi yana cikin Alƙur'ani, babu Musulmin da zai musa. Aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta wajabta shi, ta 179 kuma ta ce a cikinsa akwai rayuwa. Amma ita ayar da ta wajabta shi ita ce ta kira mai jini da wanda ya yi kisa 'yan'uwa, ta buɗe ƙofar rangwame, ta kira rangwamen sauƙi da rahama daga Ubangiji. Aya ta 33 ta Suratul Isra'i ta ce an ba waliyyin wanda aka kashe iko, ta kuma hana shi wuce iyaka. Don haka magada suna da hanya uku: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe don Allah. Diyyar kuwa a fiƙihu raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa.

Mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke kai, ta tsara lamarin da hikimar da mutane ba su cika lura da ita ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin ilimi a zango ya bi ta kanta, an ce idan ɗaya daga cikin 'ya'yan mamaci maza ya yafe, kisa ya faɗi, sauran sai su karɓi rabonsu na diyya. Wato muryar mai yafewa guda ɗaya ta rinjayi ta masu neman jini komai yawansu. An kuma ce wanda aka yafe wa a kisan ganganci ba ya tafiya haka nan, za a yi masa bulala ɗari a tsare shi shekara guda, domin al'umma ma tana da haƙƙi a kansa. Sannan kisan gilla, irin wanda ake yaudarar mutum a kai shi wani wuri a kashe shi don dukiyarsa, babu afuwa a cikinsa ko da magada sun so, saboda ya zama ɓarna a bayan ƙasa, ya fita daga hannun iyali ya koma na hukuma. Zartar da ƙisasi kansa ma aikin hukuma ne bayan an tabbatar da laifi, ba na ɗan'uwan da ya ɗauki adda ba.

Idan aka ɗora wannan a kan abin da Ghana ta soke, sai a ga ba abu ɗaya ba ne. Abin da ke cikin dokar 1960 gadon tsarin Ingila ne, rataya ta tilas wadda ba ta san afuwa ba, ba ta san diyya ba, ba ta kuma tambayar magada komai. Mahaifin nan na Nima da ya yafe, a ƙarƙashin tsohuwar dokar, da an sami wanda ake tuhuma da laifi sai an yanke masa kisa duk da yafewar. Saboda haka Musulmi yana iya yin imani da ƙisasi a matsayin hukuncin Allah, ya kuma ƙi ratayar da wata kotu za ta yi ba bisa sharuɗɗansa ba. Na san malaman da ba su yarda da ni a wannan ba, waɗanda ke ganin ko yaya dai kisa ya fi kusa da ƙisasi a kan ɗauri, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce.

Me zai hana a miƙa wa iyali zaɓin gaba ɗaya, kamar yadda wasu ƙasashe suke yi?

Abin da ya faru a ƙasashen da suka gwada shi ne yake sa a yi taka-tsantsan. Pakistan ta shigar da ƙisasi da diyya cikin dokarta a 1990. A watan Janairun 2011 wani ɗan ƙasar Amurka mai yi wa hukumar leƙen asirin ƙasarsa aiki, Raymond Davis, ya harbe mutum biyu a Lahore. A watan Maris aka biya dangi diyyar sama da dala miliyan 2, ya hau jirgi ya tafi. A 2016 ɗan'uwan Qandeel Baloch, wata matashiya da ta yi suna a kafofin sada zumunta a Pakistan, ya shaƙe ta har lahira da sunan kare mutuncin gida, aka ɗaure shi, amma a 2022 kotu ta sake shi, iyayensa kuwa, waɗanda su ne kuma iyayen marigayiyar, sun riga sun yafe masa. A Saudiyya 'ya'yan ɗan jarida Jamal Khashoggi, wanda aka kashe a 2018, sun sanar da afuwa a watan Mayun 2020, kuma a watan Satumba aka mayar da hukuncin kisan mutum 5 zuwa ɗaurin shekara 20.

Matsalar a fili take. Idan rai yana hannun iyali, mai kuɗi zai sayi nasa, talaka kuwa ya tafi. Idan mai kisan da magadan gida ɗaya suke, mace ce yawanci za ta tafi a banza. Idan kuma dangin mamaci raunana ne, wa zai tabbatar cewa yafewar daga zuciya ta fito, ba daga tsoro ba? Ko a unguwanninmu mun san yadda ake yi wa bazawara taron dangi, manyan gari su cika mata ɗaki, kowa yana ce mata "Hajiya, a bar wa Allah," har ta ce ta bari alhali zuciyarta ba ta bari ba. Mai neman a ba iyali wuƙa da nama ya kamata ya tuna da wannan ɗaki.

Ashe ba kowane iyali ne ke son a kashe wanda ya kashe musu ɗan'uwa ba?

Ba kowane ba ne, kuma misalan suna da yawa. Bud Welch ya rasa 'yarsa Julie a harin bam na birnin Oklahoma da ke Amurka a 1995, wanda ya ci rayuka 168. Da farko ya so a kashe Timothy McVeigh, wanda ya kai harin, daga baya ya juya ya zama cikin masu roƙon kada a kashe shi, amma aka kashe shi a 2001. Iyayen Martin Richard, yaro ɗan shekara 8 da ya mutu a harin tseren Boston na 2013, sun roƙi gwamnati a bainar jama'a a 2015 ta bar neman hukuncin kisa, domin sun hango shekarun ɗaukaka ƙara da za su riƙa fama musu miki. Bayan wata guda aka yanke wa wanda ya kai harin hukuncin kisan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Rais Bhuiyan, Musulmi ɗan asalin Bangaladash. Kwanaki kaɗan bayan harin 11 ga Satumban 2001, wani mutum mai suna Mark Stroman ya harbe shi a fuska a gidan man da yake aiki a Dallas, yana cewa ramuwa yake yi a kan Musulmi. Bhuiyan ya rasa ganin ido ɗaya, wasu mutum biyu da Stroman ya harba kuma suka mutu. Bayan ya sauke farali, Bhuiyan ya dawo ya shiga fafutukar ceton ran wanda ya harbe shi, har ya kai ƙara kotu, amma jihar Texas ta kashe Stroman a watan Yulin 2011. A arewacin Iran kuma, a 2014, wata uwa ta iso wurin rataya, igiya tana wuyan wanda ya kashe ɗanta, ta sharara masa mari ɗaya, sannan ta yafe, aka kwance igiyar.

Abin lura a misalan Amurka shi ne, masu cewa suna kashewa ne domin iyalan mamaci sukan toshe kunne idan iyalan suka ce ba sa so. Amma laifin bai tsaya a ɓangare ɗaya ba. Mu ma masu adawa da hukuncin kisa muna da halin ɗaga iyalan da suka yafe kamar tuta, mu kau da kai daga waɗanda ba su yafe ba, kamar fushinsu aibi ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma uwar da ta ce tana son ganin an rataye wanda ya yanka ɗanta ba muguwa ba ce. Ba a bin ta bashin yafewa.

Idan mamacin da kansa ya bar wasiyya cewa kada a kashe wanda ya kashe shi fa?

Akwai masu yin haka. A Amurka wasu suna sa hannu a takarda tun suna raye, suna cewa idan aka kashe su ba su yarda a nemi hukuncin kisa da sunansu ba. Wani limamin cocin Katolika, Rene Robert, ya sa hannu a irin wannan takarda a 1995, aka kashe shi a 2016. Masu gabatar da ƙara sun fara da neman kisa, domin takardar ba ta ɗaure su a doka ba, amma a 2017 aka ƙare da ɗaurin rai-da-rai bayan wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa.

Fiƙihun Malikiyya ya riga su zuwa nan da ƙarnuka. Mutumin da aka yi wa mummunan rauni da gangan yana da ikon yafe jininsa kafin ya cika, kuma yafewar tana aiki, in dai ba kisan gilla ba ne. A kotun Ghana irin wannan wasiyya ba za ta canja hukunci ba, sai dai tana iya zama hujja mai nauyi ranar da za a roƙi afuwar shugaban ƙasa, tana kuma iya hana 'yan'uwa ɗaukar fansa, wanda a zango ba ƙaramin amfani ba ne.

Akwai tsarin da ke sauraron iyali ba tare da ya ba su ikon yanke hukunci ba?

Akwai. A 1991 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Payne, ta yarda dangi su tsaya a kotu su faɗi ko wane ne mamacin da irin giɓin da ya bari, amma a 2016 ta sake jaddada cewa ba za su gaya wa juri hukuncin da suke so a yanke ba. A ganina wannan iyaka daidai ce, kuma irin wannan dama ce ya dace a tabbatar wa iyalai a kotunanmu. Tana da nata haɗarin, domin mamacin da danginsa suka iya magana zai fi wanda ba shi da kowa samun kuka, alhali ran ɗan dako a kasuwar Agbogbloshie da ran babban ɗan kasuwa ɗaya ne a wurin doka.

Soke hukuncin ba zai ƙara wa masu kisa ƙarfin gwiwa ba, ko ya sa jama'a su riƙa ɗaukar doka a hannunsu?

A 2012 majalisar bincike ta ƙasa a Amurka ta duba nazarce-nazarcen shekaru masu yawa, ta ce ba su isa hujjar cewa hukuncin kisa yana rage kisan kai ko yana ƙara shi ba. Misalan Afirka ma ba su tsaya a gefe ɗaya ba: Afirka ta Kudu ta soke shi a 1995 kuma tana fama da yawan kisa, Ruwanda ta soke shi a 2007 bayan kisan ƙare-dangin 1994, maƙwabtanmu Kodebuwa da Togo kuma sun soke a 2000 da 2009. Game da rubdugu kuwa, an kashe Manjo Mahama a 2017, an kashe tsohuwa Akua Denteh a Kafaba a 2020 bisa zargin maita, duka a lokacin da hukuncin kisa yake nan daram a doka. Abin da ke tura mutane ɗaukar dutse shi ne rashin yarda cewa za a kama mai laifi a hukunta shi a kan lokaci.

Mene ne babban dalilin masu adawa da hukuncin?

Kuskure. Kotu mutane ne, shaida na iya ƙarya, ɗan sanda na iya tilasta wa mutum amsa abin da bai yi ba, talaka kuma yakan sami lauyan da bai karanta takardunsa ba sai a safiyar shari'a. A Amurka, mutum kusan 200 da aka yanke wa kisa tun 1973 aka wanke daga baya. A Ingila an rataye Timothy Evans a 1950 bisa zargin kashe 'yarsa, bayan shekara uku aka gano maƙwabcinsa da ya ba da shaida a kansa shi ne mai kashe mata a gidan, aka yi masa afuwa a 1966 yana cikin ƙasa.

Mu a Ghana muna da namu tabon. A watan Yunin 1979 aka bindige manyan hafsoshi 8 a Teshie, cikinsu har da tsofaffin shugabannin ƙasa uku, Acheampong da Akuffo da Afrifa, bayan shari'ar da ba a yi a bainar jama'a ba. Sai a 2001 aka tono ƙasusuwansu aka miƙa wa iyalansu. Matansu da 'ya'yansu su ma an yi musu rashi, kuma sun yi shekara ashirin da biyu ba su da kabarin da za su ziyarta.

Ɗaurin rai-da-rai yana nufin mutum zai mutu a kurkuku?

Ba dole ba ne. Sashe na 72 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon yin afuwa ko rage hukunci bayan ya shawarci Majalisar Magabata ta ƙasa. A watan Agustan 2025 Shugaba John Mahama ya yi wa fursunoni 998 sassauci, ciki har da 87 da aka mayar da hukuncin kisansu zuwa rai-da-rai, da 51 da aka mayar da rai-da-ransu zuwa shekara 20. Sashen bai wajabta a nemi dangin mamaci ba, kuma a nan ina tare da masu ƙorafi ɗari bisa ɗari. Bai dace uwa ta haɗu da wanda ya kashe ɗanta a tashar mota ba tare da an taɓa gaya mata zai fito ba.

Sai dai ko an ce a tambayi iyali, tambaya ta gaba ita ce wane ne iyalin. Masu bin labaran Nijeriya za su tuna Maryam Sanda, wadda kotu a Abuja ta yanke wa kisa a 2020 saboda mutuwar mijinta. Da sunanta ya fito a jerin afuwar shugaban ƙasa a watan Oktoban 2025, mahaifin marigayin ya ce shi ya yafe, wani ɓangaren dangin kuma ya fito ya ce bai yarda ba, aka ta da ƙura har aka sake duba jerin. Gida ɗaya, jini ɗaya, baki biyu. Abin da ya dace shi ne doka ta wajabta sanar da iyali da sauraron kowane ɓangare, hukuncin kuma ya zauna a hannun hukuma.

Idan musiba ta faɗa wa gida, me iyali za su iya yi a zahiri?

Za su iya ɗaukar lauyan da zai riƙa zama a kotu yana sa ido a madadinsu. Ba shi zai gabatar da ƙara ba, amma zai bibiyi mai gabatarwa, ya gaya musu ranar zama da dalilin kowace ɗagewa. Wanda ba shi da hali ya nemi hukumar ba da agajin shari'a. A zaɓi mutum ɗaya a dangi ya riƙe lambar ƙara da sunan ɗan sandan da ke bincike da duk takardun asibiti, domin shari'ar kisa takan ɗauki shekaru, ta Manjo Mahama ma da duk ƙasa ta sa wa ido ta haura shida. A riƙe shaidu da kyau, a san inda suka koma idan sun tashi daga unguwa. Dokar 1963 ta alhakin ɓarna ta ba waɗanda mamaci yake ciyarwa damar shigar da ƙara ta daban su nemi diyyar kuɗi, kuma wannan ƙara tasu ce, su ke da ikon sasantawa a cikinta, sai dai tana da wa'adi, don haka ba a jinkirta ta. Sulhun dattawa ma yana da wurinsa wajen kashe wutar gaba tsakanin gidaje da ɗaukar nauyin marayu, matuƙar ba a haɗa shi da sharaɗin ɓoye shaida ba.

Abin da ya fi kayar da shari'o'inmu tun kafin a fara su shi ne binciken gawa. Mun saba binne mamaci a ranar da ya rasu, kuma jiran likita yana yi mana ciwo, amma idan babu rahoton da ya nuna musabbabin mutuwa, lauyan wanda ake tuhuma ya sami ƙofa. Na ga haka a bakin ɗakin ajiye gawa na wani asibiti a nan Accra, inda matasa suka taru da makara a bayan mota tun hantsi, suna matsa wa ma'aikata a ba su ɗan'uwansu kafin azahar, har wani ya fara dukan ƙofa. Kawun mamacin, tsoho mai carbi a hannu, ya kama hannun babban wan ya ja shi gefe, ya ce, "Ɗana, gaggauta jana'iza sunna ce, na sani, amma yaran nan uku da ya bari za su girma su tambaye mu me muka yi a kan jinin ubansu." Aka mayar da makara masallaci, aka kwana biyu ana jira, ran na uku bayan la'asar aka yi masa sutura. Rahoton likitan nan shi ne takarda ta farko da mai gabatar da ƙara ya miƙa wa kotu.